Zobon da Ya Jeme Harshen Dattawa

Jama'a ku gyara zama, yau labarin Hambali zan ba ku. Amma don Allah duk wanda ya san shi kar ya tura masa, har yanzu bai gama huce fushin da yake yi da mu ba.

Hambali abokinmu ne, majalisarmu ɗaya a gindin mangwaron bakin kanal, nan ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure. Yana da kirki wallahi, sai dai akwai cika baki. In ka ce ka taɓa ganin jirgin sama, shi ya taɓa gyara shi. Duk abin da ya kalla a waya sau biyu to ya zama farfesa a kai. Mu muna gona muna fama da ban ruwa da tsutsar tumatir, shi yana kan benci da farar shadda da turare, wai shi ƙwaƙwalwa yake nomawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Hambali na son Surayya, 'yar Malam Sammani mai Islamiyyar unguwarmu. Ita ma tana son shi, Allah kaɗai ya san dalili. Surayyar nan ita ke yin zobon da ake sayarwa a bakin kanal, wanda in ka sha da tsakar rana har tafin ƙafarka sai ya gode maka. Da Kawu Mudassiru, kawun Hambali, ya je ya ɗan taɓa maganar, Malam bai ja zance ba. Cewa ya yi, “Yaron ba shi da laifi, amma ban san sana'arsa ba. Ya nuna min sana'a kafin Juma'a ta sama. In babu, kowa ya kama gabansa.”

Muka ce Hambali abu mai sauƙi, karɓi fegi a gonar kawunka ka dasa albasa, Malam ya zo ya gan ka da taɓo a ƙafa, shi ke nan. Ya dube mu kamar mun zagi kakansa.

“Albasa? Ni? Ku matsalarku ba ku da hangen nesa. Ku zo ku ga bizines.”

Ya ciro waya ya kunna mana wani bidiyo. Wani Bature ne mai furfura riƙe da kofin gilashi mai dogon wuya, da wani jan abu a ciki. Ya juya shi, ya juya shi, ya tura hanci ciki kamar mai neman ɓatacciyar allura, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar.

Khalifa mai tsire, da tukubarsa ke gefen majalisarmu, ya leƙo ya ce, “Kai Hambali, wannan fa giya ce.”

“A'uzu billahi, wa ya ce maka giya zan yi? Dabarar nake so. Nasu ja ne, zobo ma ja ne. Su sai su zuba nasu a gangar katako ya shekara biyu yana shan ƙamshin itace, kuma kowane kala da abincin da ake ci da shi. Wani da jan nama, wani da cuku. Mu kuwa fa? Mu ɗura a leda mu huda da haƙori muna tsotsa kamar 'yan maruƙa. Ni zan fitar da zobo daga leda. Har suna na sa masa: Hambali Rizab.”

“Rizab irin na tankin mashin?” in ji Khalifa. “Wato sai mai ya ƙare ake shan sa?”

“Kai dai ka ci gaba da fifita wuta. In na fara kaiwa Abuja za ka zo neman aikin direba.”

Washegari ya nufi shagon Suhaibu kafinta, mu biyu daga majalisa muka raka shi don mun san za a yi kallo. A bidiyon an ce itacen da ake gangar sunansa ok. To ku ji yadda aka yi.

“Suhaibu kana da itacen ok?”

“Duk katakon da ke shagon nan ok ne, ba na ajiye ruɓaɓɓe.”

“A'a, sunan itacen ke nan, ok.”

“To, ok.”

“Wato kana da shi?”

“Ba na ce maka ok ba?”

Hambali ya juyo ya kashe mana ido, wai kun gani, a ƙauyen nan ma akwai kaya, sani ne babu. Suhaibu kuwa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa haɗa ganga ba. Ya tattaro ragowar katakon bencin makaranta ya buga ƙusa, ya fito da wani abu mai kusurwa huɗu kamar akurkin kaji. Hambali ya ce ai wannan sabon salo ne, ya ɗora a ka ya kai gida.

Da hantsi ya dafa zobo bokiti biyu ya juye a ciki. Kafin ya ajiye bokitin, abu ya fara tsiyaya ta ko'ina. Ya toshe nan da hannu, can ya ɓalle. Ya toshe can da gwiwa, ƙasa ta buɗe. Ƙarshe rungumar akwatin ya yi gaba ɗaya. Jan ruwa ya bi tsakar gida, ya bi ta rariya, ya fito lungu yana gudu.

Minti goma ba a yi ba sai ga kwanuka. Matan unguwa sun ga ja a kwata, sun ce Inna Kubra, uwar Hambali, ta yi yanka ba ta faɗa wa kowa ba. Wata tsohuwa har da sallama mai tsawo, “Barka da arziki Kubra, sa ne ko rago? Ni dai ko kayan ciki ne a sammin.” Ana cikin haka Hambali ya fito, farar shaddar nan ta koma ja tun daga wuya har gwiwa. Tsohuwa ta yar da kwano ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo Allah, ashe Hambali aka yanka!”

Wani da ya bari a nan. Ba Hambali ba. Ya zo majalisa da yamma da aron riga ya ce gangar ba ta da laifi, zobon ne ya yi ruwa da yawa. Kuma ya gano abin da ya fi ganga: turmin Inna Kubra. Itace dai itace ne, kuma turmi ba ya yoyo. Turmin nan fa ya girme shi. Shekara talatin yana shan daddawa da barkono da tafarnuwa. Sau ɗaya ya ɗauraye shi ya ce ya fita tas.

Sannan ya sake kallon bidiyon, ya tsinto wata kalma. Baturen ya yi ta cewa tanin, tanin, wai shi ne ke ba abin jiki, har ya ce yana jin ƙamshin fata a ciki. Hambali ya tambayi waya mene ne tanin, waya ta ce masa sinadarin da ake jeme fata da shi ne. Ya buga cinya ya miƙe.

“Bagaruwa! Wallahi bagaruwa ce! Turawan nan sirrinmu suka sace suka canja masa suna!”

Sai wajen Iliyasu majemi, can bayan gari inda ba mai zuwa sai dole. Hambali ya toshe hanci da hankici tun daga nesa, yana tafiya a kan yatsu kar takalminsa ya taɓa ruwan jima.

“Mudu biyu na bagaruwa nake so, dakakkiya.”

Iliyasu ya dube shi sama da ƙasa. “Fata nawa za ka jeme?”

“Ba fata ba ce, abin sha ne.”

“Na wa? Raƙumi?”

“Baba Iliyasu ba za ka gane ba, harkar ƙasashen waje ce. Kai dai yaya kake zama cikin wannan wari?”

“Warin nan shi ya aurar da 'ya'yana biyar,” in ji Iliyasu, ya auna masa har da gyara.

Lissafin Hambali shi ne, Bature shekara biyu yake jira, shi kuma kwana biyu gare shi. To abin da shekara biyu za ta yi a hankali, mudu biyu zai yi da sauri. Kuma ba zai sa sukari ba sai ranar sha, kar abu ya yi tsami ya koma abin da ba a so. Nan kam mun yaba masa. A nan kaɗai.

Inna Kubra ta shigo ta tarar da shi yana zazzaga bagaruwa a turminta.

“Hambali, wa ya haihu?”

“Ba wanda ya haihu Inna.”

“To bagaruwar me ce wannan har mudu biyu? Ni dai na san ta a wajen masu jego da majema. Kai wanne ne a ciki?”

“Inna ki bari kawai, kwanan nan za ki hau jirgi.”

“Turmina dai ya dawo da ransa. Jirgin na yafe.”

Ya rufe turmi da faifai ya ɗora dutse. Ranar Laraba ya haɗu da Surayya a bakin kanal ta kawo zobonta, ya tsaya yana mata bayani. Wai nata yana da daɗi, ba laifi, amma ba shi da jiki.

“Jiki?” in ji ta. “Zobo ne ko saniya?”

“Ba za ki gane ba sai kin ga nawa.”

“To kawo in ɗanɗana kafin Baba ya sha.”

“Ba a buɗewa sai ranar.”

“Kai ka ɗanɗana?”

“Gwani da hanci yake sha, Surayya.”

Ta daɗe tana kallon sa. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Daga baya muka ji ranar tukunya biyu ta jiƙa maimakon ɗaya. Mata dai Allah ya ba su.

Alhamis bayan la'asar aka hallara a gindin mangwaro. Hambali ya gayyato Malam Sammani da Kawu Mudassiru da wasu dattawa biyar, cikinsu har da Iliyasu majemi, wai ya zo ya ga inda bagaruwarsa ta kai. Masu dawowa daga gona suka tsaya da kwandunan tumatir a ka. 'Yan adaidaita suka faka. Mata suka yi cirko-cirko a bakin lungu, Inna Kubra a gaba ta zo ganin turminta, don a cikinsa aka turo abin a baro.

An shimfiɗa tabarma, an jera faranti biyar: tsiren Khalifa, awara a madadin cuku, gurasa, kwaɗon zogale, da dambun shinkafa. Kowane faranti da 'yar takarda an rubuta lamba. Hambali ya ɗaura tawul a hannu kamar yadda ya gani, ya ɗaga faifai.

Jama'a abin nan ba ja ba ne. Baƙi ne wuluk kamar tsohon baƙin man injin ban ruwa. Da ya tsiyaya a kofunan shayi har wani nauyi yake yi.

Malam ya ɗaga kofi ya duba. “Ba ya bugarwa dai ko?”

“Allah gafarta Malam, ko kusa. Halal ne tsantsa. Amma ba a sha kai tsaye. Da farko a juya shi a kofi, ya sha iska.”

Dattawa bakwai suka hau juya kofi. Kawu Mudassiru ya juya da ƙarfin mai tuƙa tuwo, rabi ya tashi ya sauka a babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

“Ba komai Kawu, haka ake yi. Yanzu a sa hanci. Kowa ya faɗi abin da ya ji.”

Malam ya shinshina. “Ni daddawa nake ji.”

“Allahu akbar! Malam hancinka ya kai na Turawa. Wannan shi suke kira ƙamshin ƙasa.”

Kawu ya tura hanci ya ja da ƙarfi. Barkonon shekara talatin ya gaishe shi. Ya yi atishawa uku a jere har hularsa ta faɗo cikin dambu.

“Wannan shi ne yajin itacen,” in ji Hambali. “Alamar ya nuna ke nan.”

Iliyasu ya shinshina nasa, ya ajiye kofin a hankali can gefe ya naɗe hannu. Da mun lura da shi da mun tsira, don mu ma 'yan majalisa an ba mu namu a murfin fulas.

Sai Hambali ya ajiye wata tsohuwar roba a tsakiya. “To yanzu a kurɓa kaɗan, a kurkure baki, a tofar a nan.”

Malam ya ɗago kai. “A yi me?”

“A tofar, Allah gafarta.”

“Abin da Allah ya hore, a yi bisimilla a kai baki, a tofar? A gaban jama'a? Wa ya koya maka wannan almubazzaranci? Ɗauke robar nan. Jama'a bisimilla.”

Ka san in Malam ya ce bisimilla ba mai tsayawa. Aka ɗaga kofuna gaba ɗaya aka shanye.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun taɓa cin ɗanyar kanya? To ku tara ɗanyar kanyar duniya a kofi ɗaya. Bauri ne wanda ba ya tsayawa a harshe, har kunne yake kamawa. Miyau ya ɗauke ƙaf kamar an rufe kanal daga sama. Harshena ya koma kamar soson ƙarfe. Leɓena ya manne da haƙora ya ƙi saukowa. Na duba gefe na ga dattawan garinmu shida, kowa baki ya tsuke kamar bakin buhun da aka ɗaure, ido ya fito, haƙora a waje, kamar ana ɗaukar su hoto dole.

Tsit. Har kukan kwaɗin kanal kana ji.

Hambali ya ɗauka daɗi ne ya hana su magana. Ya gyara tawul. “Kun ji jikin ko? Wannan riƙewar da ya yi muku a baki, ita ake saya da tsada.”

Kawu Mudassiru, da ya zo da niyyar yabon ɗansa a gaban Malam, ya buɗe baki ya yi ƙoƙari. Abin da ya fito shi ne, “Mmf. Hhh. Mmf.”

Malam kuwa innalillahi yake son ja, harshe ya ƙi ɗagawa. “Inna... Inna... Inna...”

Daga bakin lungu Inna Kubra ta amsa, “Na'am Malam? Ga ni!”

Nan wurin ya fashe. Masu tumatir suka sauke kwanduna suna riƙe ciki. Wani ɗan adaidaita ya faɗo daga kujera. Mu da muka sha muna son dariya baki ya ƙi buɗewa, sai wani sauti muke ta hanci kamar tumaki.

Wani dattijo ya wawuri awara ya tura, ta manne masa a dasashi. Wani ya gwada gurasa, ta tsaya a maƙogwaro kamar katifa. Kawu ne Allah ya ba sa'a ya cafko tsire mai kitse. Yana taunawa sai muka ga leɓensa ya sauko, ya ja numfashi ya ce, “Kitse! Jama'a kitse!”

Ai kuwa aka yi kan tukubar Khalifa. Dattawa da manyan riguna suna ture juna, ba mai neman tsoka, kowa kitse. Khalifa na ihu, “A bi layi! Baba wannan bai gasu ba!” Ba wanda ya saurare shi.

Kun san abin da Hambali ya yi? Tsalle ya yi ya ɗaga hannu.

“Kun gani! Na faɗa muku! Da jan nama mai kitse yake tafiya! Haka Baturen ya ce! Faranti na ɗaya ke nan, saura huɗu!”

Iliyasu majemi ya tashi ya je bakin turmin, ya tsoma yatsa, ya murza, ya duba a rana.

“Malam,” ya ce, “shekara arba'in ina haɗa ruwan jima, ban taɓa samun wanda ya kama haka ba. Ga ƙarfi ga launi. Wannan in ka tsoma fatar akuya, ja za ta fito ba sai an kai ta rini ba.”

Malam ya gama tauna kitsensa, ya goge baki, ya koma ya zauna. Murya ta dawo amma a shaƙe.

“Hambali, zo nan. Kai ka sha?”

“Allah gafarta Malam, gwani da hanci...”

“Cika kofi. A'a, ba wannan ba, babban. Bisimilla.”

Hambali ya dubi Kawu, Kawu ya kau da kai yana suɗe yatsa. Ya dubi robar tofi, Malam ya take ta da ƙafa. Ya rufe ido ya shanye.

Na ga fuskar mutum ta koma rabi. Kunnuwansa har motsi suka yi.

Malam ya bari abin ya zauna masa sosai, sannan ya ce, “To, ga kawunka, ga dattawa, ga jama'a. Faɗi da bakinka kowa ya ji. Me kake nema a gidana?”

Ga dama ta samu, wadda yake jira wata shida. Muna kallon leɓensa yana kokawa da sunan. Su... Su... ba ta fita, sai iska. Ya gwada, ya sake gwadawa, hawaye na zuba. Ƙarshe abin da ya iya fitarwa da wata 'yar siririyar murya shi ne:

“Ruwa.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Malam. “Kun dai ji, ruwa ya nema. A ba shi ruwa.”

Sai ga ƙannen Surayya sun fito da kula biyu cike da zobonta mai sanyi, a leda, irin wanda ake hudawa da haƙori. Aka raba wa kowa. Aka miƙa wa Hambali. Ya huda ya kama tsotsa kamar ɗan maraƙi, leda uku a tsaye bai ɗago ba. Daga bakin lungu muka ji muryar Surayya, “A tambaye shi ko yana da jiki.”

Da aka lafa Malam ya yi gyaran murya.

“Na ce a nuna min sana'a, kuma an nuna min. Yaron da ya jeme harshen dattawa shida a zama ɗaya, fatar akuya ba za ta gagare shi ba. Iliyasu, za ka karɓe shi?”

“Da hannu biyu, Malam. Amma ya bar hankicin a gida.”

“To Asabar ya fara. In ya yi wata uku bai gudu ba, Mudassiru ka dawo da goro. Sharaɗi ɗaya: ko bayan aure, kar ya kusanci tukunyar zobon 'yata.”

Inna Kubra ta ce ita ma tana da sharaɗi, a biya ta turmi, don wannan ko kare ba zai ci abin da aka daka a ciki ba.

Yau wata biyu da kwana tara Hambali na bayan gari, bai yi fashin kwana ɗaya ba. Farar shadda ta tafi hutu. In ya doso majalisa tun daga nesa muke sanin ya taho, kowa ya matsa masa benci guda. Jiya ya zo da wata jar fata a kafaɗa, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya tura hanci ya ja dogon numfashi ya lumshe ido.

“Kun san me nake ji a nan?”

Khalifa ya ce, “Akuya.”

“Kai dai ba ka da hanci,” in ji Hambali. “Wannan fatar sai masu takalman Italiya.”